Jaridar Comet da 'Yan NEPU a Kano

Yau na ɗan jingine labarin da muke ciki, saboda wata tsohuwar takarda da na tsinta a adakar kakana, Allah Ya jiƙansa. Tela ne, kuma ɗan NEPU na a-mutu. Takardar ta yi jawur, gara ta ci gefenta, amma sunan yana nan raɗau: Daily Comet.

Asali ba NEPU ce ta kafa ta ba. Duse Mohamed Ali ne ya fara buga ta a Ikko a 1933, daga baya ta koma hannun Dokta Azikiwe. A 1945, lokacin babban yajin aikin ma'aikata, Turawa suka hana buga ta, ita da West African Pilot. A 1949 aka dawo da ita Kano, sai ga NEPU ta kafu ranar 8 ga Agusta 1950. To, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta gwamnati ce, ina talaka zai kai kukan haraji da jangali da aikin tilas? Sai Comet ta zama bakin su Malam Aminu Kano, musamman shafinta na Hausa, wanda Tanko Yakasai ya yi wa edita.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne, a Kano ba sai an rufe maɗaba'a ake toshe bakin jarida ba. A wancan zamanin En'e ce ke da 'yan doka, ita ke da kotun alkali, ita ke da gidan yari, kuma a wajenta ake neman izinin taro. Ɗan NEPU ya yi magana, a ce ya zagi sarauta, kafin la'asar an ɗaure shi. Ga kuma 'Yan Mahaukata da kulake. Wanda ya rubuta yana cikin hatsari, amma ni a ganina wanda ya saurara ya fi shi, don shi ba mai jin labarinsa.

Kakana ko bihim bai sani ba a boko. Mahaifiyata ta ce yaron shagonsa ne ke karanta masa a hankali bayan isha'i, maƙwabta biyu uku sun kewaye fitila. Da an ji takun baƙo sai ya tura jaridar ƙarƙashin yadin da yake ɗinki, ya ci gaba da taka keke.