Tarihin Neman Iskar Sama

Tun da Allah Maɗaukakin Sarki Ya hore wa Annabi Sulaimanu, alaihissalam, iska tana gudana da umurninsa, 'yan Adam ba su gushe ba suna kwaɗayin wani rabo daga wannan ni'ima, ko da yake nasu rabon ta hanyar dabara da wahala yake zuwa, ba ta mu'ujiza ba. Mas'udi, malamin tarihi wanda ya rasu a shekarar 956 Miladiyya, ya hakaito labarin mutanen Sijistan, a wajen iyakar Iran da Afganistan ta yau, waɗanda suka sa iska ta riƙa juya musu dutsen niƙa, tana kuma ɗebo musu ruwan ban gonaki. Daga baya Turawa suka yi nasu, har abin ya kai ga dogayen hasumiyoyi masu farfela da ke ba da lantarki a zamaninmu.

Amma dukkan waɗannan naƙasarsu ɗaya ce, wato a kafe suke a ƙasa, ba su samun iska sai wadda ta ratsa daidai tsayinsu, ita kuwa iskar ƙasa itatuwa da tuddai da gine-gine sun riga sun karya lagonta. Wanda ya san masussuka a ƙasar Malumfashi ya sha ganin mata tsaye da ƙwarya suna jiran iskar shiƙa, alhali gizagizai na can sama suna gudu. Masana hisabi sun tabbatar da cewa idan gudun iska ya ninka sau biyu, ƙarfin da ke cikinta sau takwas yake ninkawa. Saboda haka wanda ya iya kai hannunsa mita ɗari uku ko huɗu sama, ya kai ga taskar da mai hasumiya ba ya iya taɓawa.

Abin mamaki, mabuɗin wannan taska a hannun yara yake tun fil azal, shi ne abin wasan nan da ake haɗawa da takarda ko leda da siraran tsinkaye, a ɗaura masa zare a sake shi ya tashi, wanda mutanen Sin suka ƙaga fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Wani malamin makaranta a Biristol ta Ingila, George Pocock, ya yi wa karusa rajista a 1826, wadda manyan laimomi masu igiya, irin wannan abin wasa, ke ja a madadin dawaki. Jirgin ƙasa da man fetur suka zo suka binne maganar.

Ba ta farfaɗo sosai ba sai a 1980, bayan tsadar mai ta girgiza duniya, lokacin da wani injiniya Ba'amurke, Miles Loyd, ya fitar da lissafin da ya zama asalin wannan fanni baki ɗaya. Abin da ya gano shi ne, laimar da ke tsaye wuri guda ƙarfinta kaɗan ne, amma idan aka sa ta riƙa karakaina tana yanka iska a gicciye, sai gudunta ya ninka na iskar kanta sau da yawa, jan da take wa igiya kuma ya ƙaru ƙwarai. Ya nuna hanya biyu. Ta farko, a bar janareta a ƙasa, igiya tana warwarewa daga ganga tana juya shi, in ta kai ƙarshe a kwantar da laimar a naɗo ta da ƙarfi kaɗan, kamar yadda guga ke sauka yana hawa a rijiya. Ta biyu, a ɗora ƙananan farfeloli a jikin fiffike, wutar ta gangaro ta cikin igiyar.

Kamfanin Makani, wanda aka kafa a Amurka a 2006, Google kuma ya saye shi a 2013, shi ya bi hanya ta biyu, ya ƙera fiffike mai kilowat 600, ya gwada shi a tekun Norwe a 2019, sa'an nan aka rufe shi a 2020 bayan dukiya mai yawa ta salwanta. Hanya ta farko, mai sauƙin kaya da sauƙin gyara, ita ta fi jimiri: almajiran Wubbo Ockels na jami'ar Delft a Holan suka ci gaba da ita, haka ma kamfanin SkySails na Jamus, wanda laimarsa ta taimaka wajen jan jirgin ruwan dakon kaya a 2008, daga bisani ya kafa irin wannan na'ura a tsibirin Moris.

Mu ma a Jihar Katsina mun ɗanɗana neman lantarki daga iska. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ne ya ɗauko aikin Lambar Rimi tun yana gwamna, inda kamfanin Vergnet na Faransa ya zo kafa hasumiya 37 domin samar da megawat 10. Aka sace wani injiniyan kamfanin a Disambar 2012, aikin ya yi shekaru yana jan ƙafa. Can kudu kuwa, a ƙasar auduga da masara, tun zuwan shirin bunƙasa aikin gona na Funtuwa a 1975 manoma suka fara sabawa da sababbin kayan noma, a hankali injin ban ruwa ya kori jigo daga fadamu, har janye tallafin mai a 2023 ya mai da injin nauyi a wuyan mai noman rani.

A ganina laimar iska ta cancanci a dube ta da idon basira, domin ba ta bukatar hasumiya ko tulin siminti, mota guda tana iya ɗauko ta, ana kuma iya noma a ƙarƙashinta. Sai dai guguwar bazara, da tsawar damina, da ƙurar hunturu da ke cin yadi da igiya, ba abin rainawa ba ne. Don haka kirana ga malaman Jami'ar Ahmadu Bello da na Dutsin-Ma shi ne, kafin wani ya sayo mana na'ura, su fara auna iskar saman Funtuwa da Malumfashi, rani da damina, su bayyana wa jama'a abin da suka samu.