Tarihin Baka a Birnin Zazzau

Bakan da na fara yi da hannuna ya karye ne a ja na uku. Na saro ɗanyen reshen dargaza a bayan gari, na kwana biyu ina feƙe shi a zauren gidanmu da ke cikin birnin Zariya, na ɗaura masa igiyar roba ina ta murna. Da na ja shi karo na farko ya lanƙwasa, bai koma daidai ba. A na biyu ya yi ƙara. A na uku ya tsage ta baya, daidai inda wuƙata ta ci gurbin wani ɗan reshe. Na kwashi ɓarin biyu na kai wa wani dattijo maharbi da ke zaune wajen Ƙofar Gayan. Ya jujjuya su, ya shinshina, ya ce, "Ɗana, yaushe ka saro shi?" Na ce, "Yau kwana uku, Baba." Ya yi dariya ya ce, "Ka ji an ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ko? Wannan maganar tarbiyyar yara ce. Ɗanyen icce in ka tanƙwara shi, zama yake yi a tanƙware. Shi kuwa baka, mai komawa ake so."

Ya sa na saro wani, na jingine shi a inuwa, ya ce kada in taɓa shi sai bayan damina. Watannin jiran nan su suka tura ni karatu, karatun kuma ya nuna mini abin da hawan salla ke ɓoye mana kowace shekara. Idan aka yi hawa a ƙofar fadar Zazzau, doki ake kallo, da lifidi da kwalkwali da mashi. Amma mafi yawan mutanen da suka yi yaƙe-yaƙen da suka gina wannan masarauta, da waɗanda suka kare kansu daga gare ta, a ƙasa suke tafe, da kwari a kafaɗa da baka a hannu. Baka shi ne makamin wanda ba shi da doki, kuma ta hanyar bin sawunsa ana iya karanta tarihin Zazzau daga wajen talaka.

Dalilin haka yana cikin kayan haɗinsa. Dokin yaƙi dukiya ce: sai an saye shi da tsada, a ciyar da shi dawa da harawa, a ajiye masa mai kula da shi. Sulke daga nesa fatake ke kawo shi. Baka kuwa duk abin da yake bukata yana bayan gari. Itacen dargaza ko ɗunɗu ko gora, tsawon kusan mita ɗaya da rabi. Tsirkiya ta murɗaɗɗiyar fata. Kyauro daga bakin rafi don jikin kibiya, wanda tsawonsa bai cika wuce santimita 60 da yawa ba. Maƙerin unguwa ya ƙera kan kibiya mai kunnuwa, yadda in ta shiga jiki ba ta fita ta daɗi. Manomin da ba shi da ko akuya yana iya mallakar wannan duka.

Wanda ya saba ganin kibau a finafinan Turawa zai lura cewa tamu ba ta da gashin tsuntsu a gindi. Nauyin ƙarfen da ke kanta shi ke miƙar da ita, don haka ba ta da nisan zango sosai, kuma ba ta da ƙarfin huda garkuwa mai kauri. Abin da ya cike wannan giɓi shi ne dafi. Ana dafa 'ya'yan kwankwani har su yi kauri, a shafa a kan ƙarfen. Dafin kwankwani zuciya yake kamawa, shi ya sa ƙwarzane kaɗan kan isa ya kayar da mutum ko doki. Masana ilimin tsirrai suna kiran dangin wannan tsiro Strophanthus, kuma J. M. Dalziel ya kawo sunansa na Hausa a ƙamus ɗinsa na sunayen tsirrai da ya fito a 1916. Wani ɗan'uwan tsiron da maharban yankin kogin Zambezi ke amfani da shi ne Thomas Fraser na Jami'ar Edinbara ya tace a ƙarni na 19, ya fitar da sinadarin da likitocin Turai suka daɗe suna ba masu ciwon zuciya. Abin da maharbi ya sani a daji shi likita ya auna a ɗakin gwaji. Bambancinsu yawan abin da ke shiga jini.

Da zarar an fahimci dafi, sai a fahimci lifidi. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki wajen 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Littafin ya kuma ce ya kai wa Zazzau yaƙi a Turunku, Zazzagawa suka kore shi, sai a karo na biyu ya yi nasara. Lifidi auduga ce aka cusa aka ɗinke ta yi kauri, a sa wa doki da mahayinsa. Amfaninta shi ne kibiya ta maƙale a cikin audugar kafin dafinta ya taɓa fata. Wato kayan adon da muke tafa wa ranar hawan daushe amsa ce da masu mulki suka nemo wa kibiyar talaka. Mahayi ba zai ɗauki wannan nauyi a zafin bazara ba in ba yana tsoron wani abu ba.

Haka ma ganuwa. Masana sun saɓa kan zamanin Sarauniya Amina: littafin Kano ya sa ta a ƙarni na 15, wasu ruwayoyin kuma sun kai ta ƙarni na 16, a matsayin 'yar Bakwa Turunku. Amma kowa ya yarda cewa sunanta ya manne wa garun birane har ake cewa ganuwar Amina. Ganuwa da gwalalonta maganin doki ne, domin doki ba ya hawa garu. Sai dai garun da ba kowa a kansa tarin ƙasa ne kawai, 'yan baka ne ke mai da shi kariya. Duk wanda ya bi ragowar ganuwar Zariya yau, daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Kuyambana, ya tuna cewa tsawon nan duka an gina shi ne da lissafin mutanen da za su tsaya a bayansa su ɗana kibiya. Ko sunan Ƙofar Kibo, in mutum ya furta shi, kibau yake tuna masa.

Ranar da baka ya fi nuna kansa ita ce ranar Tabkin Kwatto, a watan Yuni na 1804. Sarkin Gobir Yunfa ya zo da dawaki masu lifidi da Abzinawa. Jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ƙarƙashin jagorancin ƙanensa Abdullahi, dawakinsu ba su wuce kamar ashirin ba. Yawancinsu malamai ne da almajirai da makiyaya da manoma, makaminsu kwari da baka. Suka tsaya wuri guda suka yi ta ruwan kibau har rundunar Gobir ta watse. Wajen 1808 guguwar ta iso Zazzau, Malam Musa ya shiga birni da tutar Shehu. Sarki Makau, wanda ruwayar mutanen Abuja ta ce yana filin idi a bayan ganuwa lokacin da abin ya faru, ya yi kudu da mutanensa. Ƙanensa Abu Ja ne ya kafa garin Abuja a 1828, wanda yau ake kira Suleja.

Abin lura shi ne abin da ya biyo bayan nasarar. Waɗanda suka ci yaƙi da baka, da mulki ya zauna musu, sai suka hau doki. Sababbin masarautu suka koma dogara ga barade da 'yan lifidi kamar waɗanda suka gabace su, baka ya koma hannun dakaru da bayi da maharba, tare da sarautarsa ta Sarkin Baka. Ya kuma kasance a ɗaya ɓangaren fagen fama. Cikin ƙarni na 19 dawakin Zazzau sun sha kai hari kudu don karɓar gandu da kamun bayi, al'ummomin da ke zaune a duwatsu, irin su mutanen Kagoro, suka riƙa hawa inda doki ba ya kaiwa, suna kare kansu da kibau masu dafi. Wannan ɓangare ne na tarihinmu da ba a cika faɗa a taro ba, amma wanda ya bi baka dole ya bi da shi ta nan. Makamin da ya kayar da Yunfa a hannun waɗanda aka zalunta, shi ne ya tare jikokinsu ranar da suka zama masu kai hari.

Bindiga ba ta kori baka da wuri ba. Bindigar toka tana da tsada, albarushi sai an kawo daga nesa, ɗurinta kuma yana cin lokacin da maharbi zai saki kibau da yawa. Sai a ƙarshen ƙarni na 19, zamanin Sarkin Zazzau Yero, aka kafa rundunar bayi masu bindiga da ake kira 'yan bindiga, sunan da yau ya koma kan waɗanda suka hana ƙauyukanmu barci. Ba a jima ba Turawa suka iso Zariya a 1902, zamanin Sarki Kwasau, wanda daga baya suka tuɓe suka kai Lakwaja. Kano ta faɗi a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris. Igwa da bindigar Maxim suna kashe mutum tun bai matso inda kibiyarsa za ta kai ba, kuma a nan lissafin ƙarnuka ya rushe. Duk da haka, a Burmi ranar 27 ga Yuli 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada, kwamandan rundunar Turawa, Manjo Marsh, kibiya mai dafi ce ta kashe shi.

Da kaka ta yi na koma wurin dattijon da sandata. Ta yi sauƙi a hannu, in an ƙwanƙwasa ta tana amsawa. Ya gasa inda ta karkace a kan garwashi, ya miƙar da ita a gwiwarsa. Sa'an nan ya nuna mini abin da ya karya na farkon. Baka yana da baya da ciki. In an ja shi, bayan miƙewa yake yi, cikin kuma yana matsewa. Saboda haka ɓawo kawai ake cire wa bayan, ba a yanka zarensa, domin duk inda wuƙa ta ci, nan zai tsage. Daga ciki ake rage nama, kuma kankara ake yi, ba sara ba. A kankare kaɗan, a ɗaura tsirkiya sako-sako, a ja a duba. In hannu ɗaya ya fi ɗaya tauri, a rage mai taurin. In wani wuri ya fi lanƙwasa, a bar shi sam, a rage maƙwabtansa, don nauyin ja ya rabu a jikin itacen duka. Mun yi kwana tara a kan wannan. Duk sa'ad da na ɗauki gizago don in gaggauta, sai ya ce, "Malam, abin da ka cire ba ya komawa." Daga ƙarshe muka shafe shi da man kaɗe, muka ɗaura tsirkiyar fata. Kibiyata ta farko ta faɗi taku ashirin da wani abu, nesa da buhun da na auna. Bakan dai ya koma daidai.

A cikin kwanakin nan tara na gane dalilin da ya sa littattafai suka yi shiru game da wannan sana'a. Malaman da suka rubuta mana tarihi sun rubuta sunayen sarakuna da ranakun yaƙi, ba su ga bukatar bayyana abin da kowane yaro ya iya ba. Kayan kuma ba sa jure zamani. A Ingila, jirgin yaƙin Mary Rose da ya nutse a 1545 an tsamo shi a 1982, aka samu bakunkuna fiye da 130 da laka ta adana, masana suka auna su ɗaya bayan ɗaya. Mu namu na wancan zamani gara ta cinye su tun tuni. Abin da ya rage yana hannun tsofaffin maharba da bakinsu, ga shi 'ya'yansu sun koma bindigar toka da achaba, dajin da ake saro dargaza kuma yana zama gawayi da filayen gidaje.

Wurin da baka ya fi daɗewa a birnin nan shi ne cikin harshe da gini. Mun kira abin da ke fitowa a sama bayan ruwa bakan gizo. Magina ma sun ari sunan suka ba gantsararren ginin da ke ɗauke da rufin soro. Wanda ya shiga ragowar tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarki Abdulkarim, tsakanin 1834 da 1846, ya ɗaga kai, zai ga bakunkunan azara da ƙasa suna riƙe da rufi kusan shekara 190. Magini da maharbi abu ɗaya suka sani: yadda ake raba wa itace nauyi har ya ɗauka bai karye ba. Na magini mun san sunansa, ɗaliban zanen gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello suna zuwa su auna aikinsa. Na maharbi ba wanda ya auna.

Aikin ba mai tsada ba ne. A kowace tsohuwar unguwa, daga Zariya zuwa Katsina zuwa Maraɗi, akwai dattijon da ya san wane itace ake sara da wane wata, da yadda ake murɗa tsirkiya, da sunayen kibau iri-iri. Wayar da ke aljihun mai karatu ta isa ta naɗi bayaninsa. Sashen tarihi na jami'o'inmu da gidajen adana kayan tarihi suna da gurbin ajiye irin wannan, in an kai musu. Dattijon Ƙofar Gayan ya haura tamanin. Ranar da na je yi masa godiya ya tambaye ni ko akwai wani cikin abokaina da ke son koyo, ya ce a gaya masa ya saro itacensa tun yanzu, domin sai ya sha iskar damina guda kafin a taɓa shi.