Haruffa masu ƙafa: daga maƙeran Turai zuwa takardunmu

Ku ɗauko littafin lakkwal ko wata takarda da aka buga a biro, ku duba da kyau. Za ku ga haruffan suna da ƴan ƙananan ƙafafu a ƙarshen kowane zane. Masu aikin ɗab'i na ce masu serif, kuma tarihinsu ne za mu taɓo yau.

Asalin ƙafafun nan rubutun da Rumawa ke sassaƙawa bisa dutse ne. Da Gutenberg ya buga babban littafinsa a Jamus wajen 1455, haruffansa masu kauri ne, a cunkushe. Sai a 1470 wani Bafaranshe, Nicolas Jenson, ya fito da haruffa masu sarari a birnin Venis, ya haɗa manyan baƙaƙen Rumawa da rubutun hannun malaman Italiya. Aikin maƙera ne sosai: a sassaƙa harafi a bakin ƙarfe, a doka shi cikin jan ƙarfe, sannan a zuba narkakkiyar dalma a gurbin.

Claude Garamond na birnin Pari, wanda ya rasu a 1561, ya ƙara ma salon kyau, har gobe littattafan Faransanci da dama da haruffa masu sunansa ake buga su. John Baskerville ya fitar da nasa a Ingila a 1757. Bayansa Didot a Faransa da Bodoni a Italiya suka sirantar da ƙafafun kamar zare. Shi kuwa Times New Roman, wanda duk sakatare ya sani, jaridar The Times ta Landan aka yi ma shi, ya fara fita ranar 3 ga Oktoba 1932. Stanley Morison da Victor Lardent sun ɗan matse shi don kalmomi da yawa su shiga layi guda.

To, ina ruwanmu? Maƙeran nan ba su yi aikinsu don Hausa ba, shi ya sa babu ɓ, ɗ, ƙ da ƴ cikin kayansu na asali. A 1999 gwamnatin Nijar ta tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa da haruffa masu ƙugiya, amma har yanzu wasu nau'o'in haruffan kwamfuta ba su ɗauke da su. Sai ka ga ɗan akwati a tsakiyar kalma, ko mai bugawa ya yar da ƙugiyar. Nan take baƙi ya koma baki, ƙafa ta koma kafa, ɗa ya koma da. Yaron da ke koyon karatu da irin wannan littafi, wa zai gyara masa?

Don haka malamai da masu buga katin biki, kafin ku biya kuɗi ku ce a gwada maku haruffan nan huɗu. Gentium da Charis masu ƙafa ne, suna da ƙugiyoyinmu duka, kuma kyauta ake sauke su daga intanet. Allah ya sa mu dace.