Rigar kariyar shugaban ƙasa da sammacin kama Omar al-Bashir

Rigar kariyar shugaban ƙasa ƙa'ida ce a dokokin ƙasa da ƙasa da ke hana hukumomin wata ƙasa kama shugaban wata ƙasar ko gurfanar da shi a kotunansu muddin yana kan mulki. Kalmar "riga" da 'yan jaridar Hausa ke amfani da ita ta dace da ma'anar, domin abu ne da muƙami ke sa wa mutum, ya tuɓe shi ranar da ya sauka. Muhawarar da aka fi yi a kanta ita ce ko tana aiki a gaban kotunan duniya, musamman Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya, wato ICC, da ke birnin Hague. Lamarin Omar al-Bashir, wanda ya mulki Sudan daga 1989 zuwa 2019, shi ya fito da wannan tambaya fili.

Tushen saɓanin

A ranar 14 ga Fabrairun 2002, Kotun Ƙasa da Ƙasa ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yanke hukunci cewa Beljiyam ta saɓa doka da ta ba da sammacin kama ministan harkokin wajen Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, Abdoulaye Yerodia Ndombasi. Amma ta ƙara da cewa wasu kotunan duniya na iya gurfanar da irin waɗannan jami'ai idan suna da hurumi. Ba ta fayyace yadda za a kamo su ba, kuma nan ne gizo ke saƙa.

Yarjejeniyar Rome da ta kafa ICC, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Yulin 2002, tana da sassa biyu masu jan juna. Sashe na 27 ya ce muƙami, ko da na shugaban ƙasa ne, ba ya hana kotun yi wa mutum shari'a. Sashe na 98 kuwa ya hana kotun neman wata ƙasa ta miƙa mutum idan hakan zai sa ta karya haƙƙin kariyar da ke kanta game da wata ƙasa ta daban. Ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar ana ɗaukar sun yafe kariyar shugabanninsu. Sudan ba mamba ba ce. ICC kuma ba ta da 'yan sanda, don haka duk sammacin da ta bayar sai wata ƙasa ta aiwatar da shi.

Sammacin da martanin Afirka

Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ne ya miƙa batun Darfur ga ICC ta ƙuduri mai lamba 1593 a ranar 31 ga Maris 2005, ya kuma umarci gwamnatin Sudan ta ba kotun cikakken haɗin kai. An ba da sammacin farko ranar 4 ga Maris 2009 kan laifukan yaƙi da na cin zarafin bil'adama, na biyu ranar 12 ga Yulin 2010 kan kisan ƙare dangi. Al-Bashir ne shugaba mai ci na farko da kotun ta ba da sammacin kama shi.

A taronta na Sirte a Libiya cikin Yulin 2009, Tarayyar Afirka ta yanke shawarar cewa mambobinta ba za su taimaka wajen kama shi ba, tana kafa hujja da sashe na 98.

Ƙasashen da suka ƙi kama shi

Chadi ce mambar ICC ta farko da ya ziyarta bayan sammacin, a Yulin 2010. Kenya, Jibuti da Malawi suka biyo baya. A Yulin 2013 ya zo Abuja taron Tarayyar Afirka kan cutar ƙanjamau, tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro, ya bar ƙasar tun ba a rufe taron ba, bayan masu fafutukar kare haƙƙin ɗan Adam sun garzaya kotu. Najeriya ta shaida wa ICC cewa Tarayyar Afirka ce ta gayyace shi, kotun kuma ba ta kai ƙarar ta gaba ba.

Abin da ya fi jan hankali ya faru a Afirka ta Kudu a Yunin 2015. Babbar kotun Pretoria ta ba da umarnin kada a bar shi ya fita, amma ranar 15 ga watan jirginsa ya tashi daga sansanin sojin sama na Waterkloof. A Maris 2016 Kotun Ƙoli ta Ɗaukaka Ƙara ta ƙasar ta ce gwamnati ta karya dokar cikin gida. Gwamnatin ta sanar da ficewa daga ICC a Oktoban 2016, sai dai kotu ta soke matakin a Fabrairun 2017 saboda ba a nemi amincewar majalisa ba.

Hujjojin alƙalai

Alƙalan ICC ba su tsaya kan magana ɗaya ba, abin da ya raunana matsayinsu a idon masu suka. A shari'ar Malawi da Chadi a Disamban 2011 sun ce dokar al'ada ta ƙasa da ƙasa ba ta san da kariya a gaban kotun duniya ba. A ta Kwango a 2014 sun ce ƙuduri na 1593 ne ya cire kariyar a fakaice. A ta Afirka ta Kudu a 2017 kuma suka ce ƙudurin ya ɗora wa Sudan nauyi irin na mamba, don haka sashe na 27 ya hau kanta.

Jordan, wadda ta karɓe shi a taron Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa a Maris 2017, ta ɗaukaka ƙara. Ranar 6 ga Mayun 2019 sashen ɗaukaka ƙara, ƙarƙashin alƙali Chile Eboe-Osuji ɗan Najeriya, ya tabbatar da cewa Jordan ta gaza sauke nauyinta, ya kuma koma ga hujjar farko: ƙasar da ke aiwatar da sammacin tana aiki ne a madadin kotun duniya, ba da ikon kanta ba. Duk da haka ya soke kai ƙarar Jordan gaban Kwamitin Sulhu. Masana shari'a da dama sun soki hukuncin da cewa dokar al'ada daga aikin ƙasashe ake gane ta, alhali duk ƙasar da ya ziyarta ta ƙi kama shi. Sukar tana da nauyi, domin ƙasashe ba za su iya haɗuwa su ba wata kotu ikon da kowaccensu ba ta da shi ba, in ji masu wannan ra'ayi.

Bayan saukarsa

Sojoji sun hamɓarar da al-Bashir ranar 11 ga Afrilun 2019, rigar ta faɗi da kanta. A Disamban shekarar wata kotun Khartoum ta yanke masa shekara 2 kan cin hanci. Gwamnatin riƙon ƙwarya ta nuna a 2020 cewa za ta bari waɗanda ake nema su gurfana a ICC, amma ba a miƙa shi ba har yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023.

Tambayar ta sake tasowa da sammacin kama Vladimir Putin na 17 ga Maris 2023, inda babu ƙudurin Kwamitin Sulhu da za a dogara da shi. Putin bai halarci taron BRICS a Johannesburg ba a Agustan 2023, amma ya je Mongoliya a Satumban 2024 ba a taɓa shi ba. A Oktoba kotun ta ce Mongoliya ta saɓa yarjejeniyar, ta miƙa batun ga babban taron ƙasashe mambobi.