Tsakanin Ciki da Juji: Nazari kan Abincin da Wa'adinsa Ya Ƙare

Gabatarwa

A gidaje da yawa akan sami saɓani idan aka tarar ranar da ke jikin gwangwanin madara ko ƙunshin taliya ta wuce. Wani ya ce a zubar, lafiya uwar jiki. Wani ya ce kuɗi aka sa aka saya, kuma addini ya hana almubazzaranci. Kowannensu yana da hujja mai ƙarfi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2015 cewa mutum miliyan 600 ke kamuwa da rashin lafiya duk shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 kuma su rasu, Afirka ce ta fi ɗaukar nauyin in aka duba yawan jama'arta. A ɗaya gefen, rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya nuna an zubar da abinci sama da tan biliyan 1 a 2022, kashi 60 cikin 100 daga gidaje.

Wannan nazari yana kan matsayin cewa ranar da ke jikin kaya alkawari ce mai sharaɗi, ba hukunci ba. Mai son yanke shawara daidai sai ya san irin ranar, da irin abincin, da yadda aka ajiye shi.

Iri biyu na rana

Hukumar Codex Alimentarius, wadda aka kafa a 1963 don tsara ƙa'idojin abinci na duniya, ta bambanta rana iri biyu. Ta farko ranar inganci ce, wadda akan rubuta "Best Before" a gabanta, ko "à consommer de préférence avant" a kayan da ke yawo a kasuwannin Nijar. Kamfani yana cewa ne har zuwa wannan rana ya lamunce ɗanɗano da ƙamshi da launi. Bayanta biskit na iya yin sanyi, ganyen shayi ya rage ƙamshi, amma ba su zama guba ba. Ta biyu ranar lafiya ce, "Use By" ko "à consommer jusqu'au", wadda ake sa wa kayan da ke saurin lalacewa irin su ɗanyen nama da kifi na leda da madarar da ke zama a firji. Wannan in ta wuce, ba a ci.

Cakuɗa su biyun na jawo asara mai yawa. Wani binciken Hukumar Tarayyar Turai na 2018 ya danganta har kashi 10 cikin 100 na abincin da ake zubarwa a ƙasashen tarayyar da yadda ake rubuta rana da yadda ake fahimtarta. Shi ya sa manyan kantunan Birtaniya irin su Tesco da Waitrose suka cire ranar inganci daga kayan lambu da 'ya'yan itatuwa da yawa. A Amurka ma dokar tarayya ba ta wajabta rubuta rana ba sai a madarar jarirai, domin sinadaran gina jikin da ke cikinta suna raguwa, jariri kuwa ba shi da wani abinci da zai cike giɓin.

Dalilin bambancin kayan da ke saurin lalacewa da masu daɗewa yana ga ruwa. Ƙwayoyin cuta ba sa yaɗuwa sai da laima. Gishiri da sukari da zuma da busasshiyar taliya da farar shinkafa ba su da ruwan da ƙwayar za ta yi amfani da shi, don haka sukan daɗe ƙwarai bayan ranarsu muddin ba su jiƙe ba. Wannan hikimar ce kakanninmu suka bi wajen shanya kuka da kuɓewa da kilishi. Abincin gwangwani kuwa an dafa shi ne a rufe, har ƙwayoyin ciki suka mutu. Mai tsami kamar tumatir yakan riƙe ingancinsa wata 12 zuwa 18, marar tsami kamar kifi ko wake shekara 2 zuwa 5.

Sharaɗin da ba a karantawa

Kusa da kowace rana akwai ƙaramin rubutu: a ajiye a wuri mai sanyi marar laima, ko a ajiye a firji. A nan ne lissafin ƙasashen sanyi ke rabuwa da namu. A Sakkwato da Maiduguri da Maraɗi zafin bazara kan haura maki 40 a ma'aunin Selshiyos, kayan kuma kan yi yini a rana a bakin kanti ko a bayan babbar mota. Zafi yana hanzarta lalacewar mai, shi ya sa man gyaɗa ko madarar gari mai maiƙo ke iya canza wari tun ranarsu ba ta zo ba.

Matsalar firji ta fi tsanani. Ƙwayoyin cuta sun fi yaɗuwa tsakanin maki 5 zuwa 60, aikin firji kuwa shi ne ya riƙe abinci ƙasa da maki 5. In aka ɗauke wuta, firjin da ba a buɗe ba yana riƙe sanyinsa kimanin awa 4 ne kawai; firiza cikakkiya takan kai awa 48, mai rabin kaya awa 24. A unguwar da ake yini babu wuta, naman da ya narke ya sake daskarewa sau da yawa ya riga ya saɓa sharaɗin, ko da saura kwanaki ranarsa ta cika. Haka ma duk abin da aka buɗe: da zarar iska da cokali sun shiga gwangwanin tumatir, ranar da ke jikinsa ta daina aiki, lissafi ya koma na kwanaki kaɗan. Ke nan a yanayinmu ranar da aka rubuta kan yi wa busasshen kaya marar maiƙo tsauri fiye da kima, ta kuma yi wa kayan sanyi sassauci fiye da kima.

Iyakar hanci da harshe

Mafi yawan abin da muke ci ba shi da rana ko kaɗan: hatsi na mudu, gyaɗa, nono, tuwon jiya. A nan mutane kan dogara da sansana da ɗanɗanawa. Hanci yana gane ruɓa da tsami da yauƙi, amma ƙwayoyin da ke ɓata kamannin abinci daban suke da masu kwantar da mutum. Ƙwayar Listeriya tana yaɗuwa har a cikin firji ba tare da ta canza wari ba, kuma ta fi illa ga masu juna biyu da jarirai da tsofaffi. Ita ce ta kama mutum sama da 1,000 a Afirka ta Kudu tsakanin 2017 da 2018 ta hanyar sarrafaffen nama, fiye da 200 suka rasu.

Ɗumame ma yana da iyaka. Tafasa tana kashe yawancin ƙwayoyi, amma akwai wata ƙwaya, Bacillus cereus, da ke tsira daga dahuwar shinkafa. In shinkafar ta kwana a tukunya cikin ɗumin ɗaki, sai ta yaɗu ta saki gubar da wuta ba ta kashewa. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawarar kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a waje.

Fumfuna ita ce haɗarin da aka fi rainawa. Wani nau'inta da ke kama gyaɗa da masara masu laima yana fitar da gubar aflatoksin, wadda ke haddasa ciwon dajin hanta, kuma suya ko dahuwa ba su kawar da ita. A Kenya a 2004 mutum 125 suka mutu bayan cin masarar da ta gurɓata da ita. Gutsure inda fumfuna ta fito a burodi a cinye saura bai wadatar ba, domin saiwoyinta sun riga sun ratsa ciki. Gwangwanin da ya kumbura ko yake yoyo ko ya yi tsatsa sosai kuwa ba a ma ɗanɗana shi, ko ranarsa saura shekara, saboda gubar botulinum mai shanye jijiyoyi.

Kasuwa da hukuma

Duk wannan lissafi ya dogara ne da gaskiyar abin da aka rubuta. A Najeriya hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ta wajabta sa rana a jikin abincin da aka ƙunshe, kuma takan ƙona kayan da wa'adinsu ya ƙare da ta ƙwace. Duk da haka akwai masu goge rana su buga sabuwa, da masu juye kaya daga buhunsa su ƙulla a leda marar suna. A watan Maris na 2021 mutane sun rasu a Kano, ɗaruruwa kuma suka kwanta asibiti, bayan shan lemon gari da aka haɗa da abin da aka sayar musu a matsayin ɗan tsami. Bincike ya gano kayan da wa'adinsu ya wuce, da kuma sinadari mai guba da ba na abinci ba. Hukuncin gwangwanin da mutum ya ajiye da hannunsa a sitonsa daban yake da na kayan da aka karya wa farashi a kasuwa, waɗanda ba a san inda suka kwana ba.

Kammalawa

Busasshen kaya da gwangwani lafiyayye da ranar ingancinsu ta wuce, in an ajiye su da kyau, a duba su a yi amfani da su, zubar da su asara ce. Madarar jarirai, da kayan sanyi da ranar lafiyarsu ta wuce ko suka daɗe babu wuta, da duk abin da ya yi fumfuna ko ya kumbura, a zubar, kuma kada a miƙa wa almajiri ko mai aiki da sunan sadaka, domin abin da zai cutar da ɗan gida zai cutar da kowa. Almubazzarancin da ya kamata a yaƙa yana faruwa ne tun kafin ranar ta zo: a sayen abin da ya fi buƙata, a dafa abin da ya fi ƙarfin gida, a tura tsohon kaya bayan sabo. Wanda ya sa na tsoho a gaba, ya dafa daidai cikin iyalinsa, ya kuma kyautar da rarar tun tana da zafi, da wuya ya tsinci kansa yana zaɓi tsakanin asarar kuɗi da asarar lafiya.