Wa ke da icen da ke cikin gona? Tarihin sassaben zamani a Maraɗi da Damagaram

 A watan Satumba na 2015 ne ƙasashen duniya suka zauna a Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince da muradu 17 na ci gaba mai ɗorewa, waɗanda ake son cimmawa nan da 2030. Shugabannin ƙasashe ne suka ɗauki alkawarin, amma ba da jimawa ba aka gane cewa rijiya da makaranta da bola da gona duk a hannun ƙananan hukumomi da jihohi suke. Shi ya sa jihar Kaduna ta fitar da nata rahoton kan muradun a 2017, birnin New York na Amurka kuma ya kai nasa gaban Majalisar a 2018.

Muradi na 15 yana magana ne kan kare ƙasa da itatuwa da tsayar da kwararowar hamada. To, a wannan fanni akwai inda aka yi nisa tun kafin a rubuta muradin, wato jihohin Maraɗi da Damagaram. Yau za mu bi tarihin yadda abin ya faru, domin darasin da ke cikinsa ya shafi kowane magajin gari da kowane ciyaman.

Mu fara da gawo. Duk manomi ya san halinsa: da damina yana zubar da ganye, ya bar wa gero hasken rana da taki, da rani kuma ya yi kore, dabbobi su ci 'ya'yansa su sha inuwa. Sarakunan da sun san darajarsa. Har yau a Damagaram ana ba da labarin Sarki Tanimun na ƙarni na 19, wanda aka ce ya kafa hukunci mai tsanani a kan duk wanda ya sare gawo ba da izini ba. A lokacin, mai doka yana kusa, mai gona kuma ya san amfanin icen nasa ne.

Zuwan Faransawa ya sauya lissafi. Dokar gandun daji ta 1935 ta mayar da daji hannun gwamnati, ta kuma jera wasu itatuwa da aka haramta taɓawa. Bayan samun 'yancin kai a 1960 aka ci gaba da tafiya a kan wannan layi. Sai ya zama mutum yana da ice a tsakiyar gonarsa, amma in ya sare reshe ɗaya ma'aikacin gandun daji zai iya cin sa tara. Me mai hankali zai yi? Sai ya tumɓuke tsiron tun yana ƙarami, kafin ya girma ya jawo masa magana. Ga shi kuma malaman gona na wancan zamani suna koyar da cewa gona mai kyau ita ce wadda aka share tas, musamman don noman gyaɗa. Dokar da aka yi don kare ice, ita ce ta sa manomi ya ɗauki ice abokin gaba.

Daga nan sai fari ya zo. Na farkon shekarun 1970 ya kashe dabbobi ba adadi. Na 1984 kuwa dattawanmu ba su manta da shi ba. A wurare da dama na ƙasar Hausa ta Nijar ana kiran yunwar wannan shekara El-Buhari, saboda ta zo daidai lokacin da gwamnatin sojan Najeriya ta rufe kan iyaka, hatsi ya daina shigowa kamar da. Iska tana kwashe ƙasar gona, yashi yana binne shuka, manomi ya yi shuka sau biyu ko uku a damina ɗaya. Mata kuma suna tafiyar awowi neman itacen girki, wasu har sai da kara da kashin shanu.

Gwamnati da masu ba da agaji sun zuba kuɗi a dashen itatuwa. Ana renon dashe a lambu, a kai ƙauye a dasa, amma yawanci ba ya kai bara: ko rani ya kashe shi, ko awaki su cinye, ko kuma a rasa mai kula, tunda ba na kowa ba ne.

A wannan hali ne wani ma'aikacin gona ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aiki da mishan ta SIM a Maraɗi, ya lura a 1983 cewa 'yan tsire-tsiren da ake sassabewa kowace shekara ba ciyawa ba ne. Kututture ne na tsofaffin itatuwa, saiwarsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Abin da ake bukata kawai shi ne a zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi a bari, a datse sauran, a kare su daga dabba da wuta. Wuƙa ko adda ta isa, ba sai da kuɗi ba. Manoma suka raɗa wa dabarar suna sassaben zamani.

Da farko an yi wa masu yi dariya. Lokacin yunwar 1984 aka haɗa aikin da rabon abinci, mutane da yawa suka shiga, amma da abincin ya ƙare sai yawancinsu suka sare itatuwan. Waɗanda suka bar nasu ne suka ga gero bai ragu ba, ga itace, ga abincin dabbobi, ga abin sayarwa a kasuwa. Maƙwabci ya gani ya kwaikwaya. A can Damagaram kuwa, wajen Magarya da Matamaye da Mirya, manoma da kansu suka koma renon gawo yadda iyayensu suka saba, ba tare da wani furoje ya zo ya ce su yi ba.

Sai dai dabara kaɗai ba za ta isa ba da ikon bai matso kusa da mutane ba. A yankin Maraɗi jami'an gandun daji sun sassauta, suka bar manomi ya amfana da icen da ya rena. A 1992 aka yi dokar da ta kafa kasuwannin itace na karkara, inda ƙauye ke kula da dajinsa, ya sayar wa masu kai itace birni, a raba harajin tsakanin ƙauyen da hukumar yankin da baitulmalin ƙasa. A 1993 aka fitar da kundin dokokin karkara, wanda ya kawo kwamitocin kula da filaye. A 2004 aka sabunta dokar gandun daji, a shekarar kuma aka zaɓi kansiloli a ƙananan hukumomi 265. A ƙauyuka irin su Ɗan Saga ta gundumar Agye, mutane suka kafa kwamitin tsaro da ya haɗa manoma da makiyaya da mata, su ke sa ido su kuma ci tarar ɓarawon ice. A 2020 gwamnati ta fitar da doka ta musamman kan sassaben zamani, wadda ta tabbatar wa manomi hakkinsa a kan icen da ya rena.

Sakamakon bai fito fili ba sai a tsakiyar shekarun 2000, lokacin da masu bincike suka kwatanta tsofaffin hotunan sama da sababbi. Ƙiyasinsu ya nuna kimanin hekta miliyan 5 sun sake yin itatuwa, wajen ice miliyan 200. Kalgo da sabara da aduwa da kuka da gawo sun dawo gonakin da a 1980 ba ka ganin komai sai yashi. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood, amma aikin kam na dubban manoma ne da ba a san sunansu ba.

Yanzu ina aka kwana? Birane suna ƙara girma, Maraɗi da Damagaram da Katsina da Kano duk suna bukatar itace da gawayi, kuma mai mota ba ya tambayar wa ya rena icen. Shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 ya ratsa jihohi 11 na arewacin Najeriya, kuma tambayar da ke gabansa ita ce dai ta da: bayan an dasa, na wane ne? Hukumomin da ke kusa da jama'a su ma suna cikin sauyi. A Nijar an rusa majalisun ƙananan hukumomi da na jihohi a watan Afrilu na 2024, aka naɗa masu riƙon ƙwarya. A Najeriya kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yuli na 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye.

Ko wane ne ke kan kujera, tarihin nan ya nuna abu ɗaya. Ice ya mutu lokacin da hukuncinsa ke zuwa daga nesa, ya dawo lokacin da mai gona ya tabbata nasa ne, kuma akwai wanda zai kai wa ƙara a kusa in an sare masa. Saboda haka in magajin garinku ko ciyaman ɗinku ya zo da maganar muradun 2030, kada ku tsaya ga yawan dashen da aka raba. Ku tambaye shi nawa suka rayu, wa ke da su, kuma in ɓarawo ya shigo da gatari cikin dare, ofishin wa za a nufa da safe.

Sai mun sake haɗuwa a shiri na gaba. Allah Ya ba mu damina mai albarka.