Halayen jan ƙarfe da tagulla a zafi mai tsanani

Jan ƙarfe da tagulla ƙarafa ne da ake yawan amfani da su a wuraren da zafi ke da yawa, kamar bututun tukunyar tururi, lagireton mota da wayoyin lantarki. Wasu na kiran jan ƙarfe da sunan tagulla, amma a nan tagulla na nufin haɗin jan ƙarfe da tutiya, wato zinki. Wannan gauraye shi ne ke sa halayensu suka bambanta idan suka ɗau zafi.

Narkewa

Jan ƙarfe zalla yana narkewa a digiri 1,085 na ma'aunin Salsiyos. Tagullar da ke da kashi 70 na jan ƙarfe da kashi 30 na tutiya tana narkewa tsakanin digiri 915 da 955. Ita kuwa tutiya tana tafasa a digiri 907, don haka idan aka narka tagulla wani ɓangarenta yakan fita a matsayin farin hayaƙi. Shaƙar wannan hayaƙi na jawo zazzaɓi da ciwon jiki ga maƙera da masu walda.

Ɗaukar zafi

In ban da azurfa, babu ƙarfen da ya fi jan ƙarfe saurin isar da zafi. A zafin ɗaki ƙarfinsa ya kai kusan wat 400 a kowace mita da digiri, na tagulla kuwa kusan 110 zuwa 120 ne, saboda ƙwayoyin tutiya na tare hanyar elektiron da ke ɗauke da zafin. Idan zafi ya ƙaru, na jan ƙarfe yakan ragu kaɗan, ya sauko wajen 350 a digiri 700, alhali na tagulla ƙaruwa yake yi.

Buɗewa

Sandar jan ƙarfe mai tsawon mita ɗaya tana ƙara kusan milimita 1.7 idan zafinta ya hau da digiri 100. Ta tagulla tana ƙara kusan milimita 2, ta baƙin ƙarfe kuwa wajen 1.2. A ƙarni na 18, maƙerin agogo John Harrison na Ingila ya yi amfani da wannan bambanci: ya haɗa tagulla da baƙin ƙarfe don kada canjin yanayi ya sa agogo gudu ko jinkiri. Irin wannan haɗi ne ke lanƙwashewa ya katse wuta a cikin dutsen guga.

Talewa da komawa

Ma'aunin Young ne ke nuna yadda ƙarfe ke tirjiya idan aka ja shi. Na jan ƙarfe da na tagulla suna tsakanin gigafaskal 100 da 130, kusan rabin na baƙin ƙarfe. Ma'aunin yana raguwa yayin da zafi ke hawa, domin haɗin da ke tsakanin ƙwayoyin zarra yana sassautawa. Idan kuma ƙarfen ya daɗe ɗauke da nauyi cikin zafi, yakan riƙa miƙewa sannu a hankali ba tare da ya koma yadda yake ba, har ya tsinke.

Ƙira

Duka da guduma yana ƙara wa ƙarafan biyu tauri, gasawa a wuta kuma tana mayar musu da laushi. Tsoma su cikin ruwa bayan gashi ba ya taurara su kamar yadda yake yi wa baƙin ƙarfe. Tagulla mai kashi 40 na tutiya, wadda George Muntz ya yi wa rajista a 1832, ta fi daɗin ƙira da zafinta, mai kashi 30 kuwa ta fi dacewa da ƙira a sanyi.